Asabar ta Farko Bayan Tsayuwar Wata

Shekara tara na yi ina sakataren ƙungiyarmu, kuma ba don na fi kowa hankali aka ba ni ba. Rubutuna ne ake iya karantawa, ina kuma da babur. Ƙungiyar ba ta da ofis, ba ta da ko allon suna. Mutanen Mafara da Bakura da Maradun ne suka haɗa kai suna aikin gayya. In damina ta wuce mu bi maƙabartu mu gyara kaburburan da suka rufta, mu sare sabara, mu toshe inda awaki ke kutsawa. In rani ya yi mu yashe rijiyoyin masallatai. Ba a biyan kowa. Mai shebur ya zo da shebur, mai diga ya zo da diga, wanda ba shi da komai ya zo da hannunsa.

Wanda ya kafa ta wani dattijo ne mutumin Kaya, can wajen Maradun, malamin zaure ne kuma manomin gyaɗa. Kowa Baba yake ce masa, ni ma haka. Shi ya aza dokoki biyu tun ban shiga ba. Ta farko, ana taro ranar Asabar ta farko bayan tsayuwar wata, da hantsi, a wani aji na makarantar firamare a Talata Mafara, saboda Mafara ce tsakiya. Ta biyu, ba a yanke komai sai shugaba ya buɗe taro da addu'a. In bai buɗe ba, ko ku ɗari ne, hira kuka yi.

Aikina kuwa shi ne kai sanarwa. Da wata ya tsaya sai in tabbatar wurin limamin unguwarmu, in rubuta takardu, in hau babur. Laraba bayan na tashi daga aiki a sakatariyar ƙaramar hukuma in nufi Bakura, Alhamis in yi Maradun in ƙarasa Kaya. Ba wai mutane ba su san ranar ba ne, kowa ya sani. Takardar dai tana faɗin maƙabartar da za a tattauna a kai, sauran duk gaisuwa ce. A yi ina gajiya, ina iyali, ya ƙarfin jiki, ya muka ji da ruwa, a koma farko a sake ɗauko ta, kafin ka kai ga abin da ya kawo ka an dama fura. A zauren Baba nake ƙarewa. Ya shimfiɗa mini buzu, ya turo mini kwanon dafaffiyar gyaɗa, ya karanta takardar a hankali kamar bai san abin da ke ciki ba, sannan ya ninke ta ya sa cikin littafi.

A lokacin ina yawan mita a kan wannan zagaye. Ina cewa ya cinye mini yini biyu, ya kashe mini taya. Gaskiyar da ban faɗa wa kowa ba ita ce, ban da shi ba ni da inda za ni. An yi wa maiɗakina canjin wurin aiki zuwa Gusau, yara suka bi ta saboda makaranta, aka bar ni ni kaɗai a ɗaki ciki da falo. In na dawo daga aiki nakan kunna rediyo ba don labarai ba, don dai in ji muryar mutum a ɗakin. Ƙungiyar nan ita ce jama'ata. Shi ya sa babu abin da nake tsoro kamar a ce ta mutu, kuma a hannuna ta mutu.

To, sai hanya ta lalace. Ɓarayin daji suka fara tare mutane, musamman wajen Maradun, ya zama ba a bin ta sai da rana tsaka, kuma sai an ga motoci na wucewa. Maiɗakina ta kira ni ta yi ta kuka, ta ce in dai ina ƙaunar Allah in daina yawon babur ni kaɗai. Na yi mata alkawari. Daga nan na ce wa kaina, haba, mutum yana da waya a aljihu, duniya ta ci gaba, wai har yanzu sai ya ɗauki takarda ya kai da ƙafa? Na ɗaura niyyar nemo wa ƙungiya hanyar zamani.

Mako guda na yi ina gwaje-gwaje a ofis, tsakanin azahar da tashi. Na fara da shuɗin shafin nan da jama'a ke sa hotunan biki. Na buɗe wa ƙungiya shafi, na ɗora hotonmu riƙe da shebur a bakin maƙabarta. Kafin yamma mutane sun yi ca a kai, daga Kano, daga Legas, har daga Makka, kowa na cewa Allah ya saka da alheri. Na yi ta murna, sai daga baya na lura babu ko ɗaya a cikinsu da zai iya zuwa Mafara da diga. Wani ya tambaya wane ɗan siyasa ne ke bayanmu. Wani kuma, Allah ya shirye shi, ya manna tallar maganin basir a ƙarƙashin hoton kaburbura. Na bar shafin nan yana nan, amma na san ba shi zai tara mana mutane ba.

Sai na gwada manhajar taron bidiyo. Akwai wani ɗan ƙungiya mai kemis a Bakura, shi ne na fi shaƙuwa da shi, da shi muka gwada. Fuskarsa ta fito, ya buɗe baki zai yi sallama, shi ke nan ya daskare a haka. Muryarsa na zuwa kamar daga cikin rijiya. Kafin mu gama gaisawa data ta ƙare. Duk da haka abin ya burge ni, na ce a raina in sabis ya gyaru wata rana nan za mu koma.

A ƙarshe na tsaya a kan koriyar manhajar nan ta aika saƙo, wadda ko mai sayar da rake yana da ita. Na buɗe guruf, na zuba duk wanda ke da babbar waya. Wanda bai iya karatun boko ba sai ya saurari saƙon murya. Saura abu ɗaya, wato abin da zai riƙa tuna mini ranar taro, don ni mutum ne mai mantuwa. Na buɗe kalandar waya na rubuta taronmu a Asabar mai zuwa. Ta tambaye ni ko a maimaita. Na danna mata kowace Asabar ta farko a wata, ta sake tambaya har zuwa yaushe, na danna har abada. Har abada fa! Wallahi sai na ji kamar na gina wa ƙungiya gida da siminti. Saura kwana uku taro wayar za ta yi ƙara, ni kuma in haɗa fosta mai koren baki in jefa a guruf.

A taron watan Safar na gabatar da abin. Matasa suka yi ta tafi. Baba yana zaune da sandarsa tsakanin gwiwoyi, da ƙaramar wayarsa mai tocila a aljihun gaba. Shi kaɗai ya rage cikin dattawa ukun da aka fara ƙungiyar da su, ɗaya ya rasu, ɗaya yana kwance a Bakura. Ya bari aka natsa sannan ya ce, "Sakatare, in duk mun shiga waya, wa ka zuwa gaishe da mutane?"

Ni mutum ne mai saurin hawa, na san halina. Ga shi na yi mako guda ina wahala, ina jiran a yaba. Sai na ji bakina yana cewa, "Baba, gaisuwa muka haɗu yi ko aiki? Wanda ba zai iya bin zamani ba ai sai ya huta a gida, duk abin da aka yanke a aika masa."

Mai kemis ya taka mini ƙafa a ƙarƙashin benci. Baba bai ɗaga murya ba, ya dai dubi ƙasa ya ce, "To, Allah shi ba da sa'a." Ya shafa addu'ar tashi, kowa ya watse. Na san na yi ɓaranɓarama, amma na ce in na bi shi na ba da haƙuri yanzu, kamar na janye tsarina ne. Na bar shi ya hau mota ban raka shi tasha ba.

Watan Maulidi wayar ta yi ƙara, na jefa fosta, aka cika aji har wasu na tsaye. Baba ma ya zo, duk da ba wanda ya kai masa takarda. Ya buɗe taro, bai yi magana da yawa ba. Ni kuwa da na ga jama'a sai kaina ya ƙara girma. Na miƙe na ce wannan somin taɓi ne, nan gaba kaɗan taron kansa a waya za a riƙa yi, kowa na gidansa, ba mai hawa hanya. Aka sa ranar duba maƙabartar Bakura, aka ce a taro na gaba za a yanke ranar aiki a raba wa kowa abin da zai kawo.

A taro na gaba Baba bai zo ba.

Mun kai ashirin ran nan. Muka zauna muna duban ƙofa har rana ta take. Wani ya ce ƙila mota ce ta ɓaci, wani ya ce ƙila hanya ce. Na kira wayarsa sau biyu ba ta shiga ba, dama a Kaya sai mutum ya hau tudu yake samun sabis. Zan faɗi gaskiya, da ba ta shiga ba sai na ji sanyi a raina, don ban san da wane baki zan yi masa magana ba. Da aka kira azahar muka tashi ba a yanke komai ba. A hanyar gida na gama yanke hukunci ni kaɗai: fushi yake yi, so yake ya nuna mini in ba shi ba taro.

Wata na biyu mutum bakwai suka zo. An fara noman rani, kowa yana fadama wajen ban ruwa, mai albasa na kan albasarsa, mai tumatir na kan tumatirinsa. Da can ma haka ake, amma mutane kan bar gona na yini ɗaya saboda sun san in sun zo za a yi abin da ya kawo su. Yanzu wa zai bar injin ban ruwa ya zo ya zauna kallon allo? Mai kemis ya ja ni gefe ya ce, "Malam, kaburburan nan na Bakura fa har yanzu a buɗe suke, jama'a sun fara magana. Ka buɗe taron mana, ko ka shirya mu je Kaya." Na ce doka ba ta ba ni ikon buɗewa ba, Kaya kuma na yi wa iyalina alkawari. Duka biyun gaskiya ne. Amma akwai na uku da na ɓoye, so nake Baba ya ji labarin aikin ya tsaya, ya san abin da fushinsa ya jawo.

Abin takaici, guruf kuwa bai taɓa yin shiru ba. Tun da asuba ake jefo barka da safiya da hoton fure. Ranar Juma'a sai wayar ta yi zafi don gaisuwa. Ana musun ƙwallo, ana turo wa'azi, ana tallar takin zamani. In na sa fosta, cikin minti kaɗan sai ka ga an jero, muna tafe in sha Allah, Allah ya kai mu, sakatare ba ka da dama. Sai in ɗauki tsintsiya ranar Asabar in je in share aji, in jera benci, in zauna.

Wata na uku ni da mai kemis ne kawai. Ya zo da rake, muka sha, muka tara ɓawon a leda. Bai yi mini faɗa ba. Da zai tafi ya ce shagonsa ba kowa, kuma gaskiya ba zai iya ci gaba da rufe shi a banza ba, in Baba ya dawo in sanar da shi. Na raka shi bakin titi, na dawo na mayar da bencin da na jera ɗaya bayan ɗaya.

Wata na huɗu ba wanda ya zo. Ban taɓa sanin makaranta ranar Asabar tana da shiru haka ba. A allo akwai ragowar darasin lissafi na 'yan aji uku, na karanta shi ya fi sau goma. Wayata na ta ƙugi a aljihu, ana musu a guruf a kan wa ya fi wani iya buga ƙwallo, ni kuma ina zaune da rajistar taro a cinya, na rubuta kwanan wata, na rubuta sunana a lamba ta ɗaya, na ja layi. Kaɗaicin gida na saba da shi, amma wannan ya fi ciwo, don nan ne wurin da nake zuwa in huta da wancan. Raina ya yi baƙi ƙirin. Na ce shi ke nan, ƙungiyar da aka yi shekara da shekaru ana riƙo ta mutu a hannuna, kuma tsoho ɗaya ne ya kashe ta don taurin kai.

Ina cikin haka mai gadi ya leƙo. Ba wanda na saba gani ba ne. Ashe su biyu ne ke karɓa-karɓa mako-mako, abokin aikinsa ya tafi jinyar mahaifiyarsa, shi ya sa wannan ya haɗa mako biyu. Muka gaisa, ya tsaya yana dubana, sannan ya ce, "Malam, wai wanga taro naku sau nawa a kai a wata?"

Na ce sau ɗaya.

Ya ce, "To, ai ko wancan satin wani dattijo ya zo, mai sanda, daga wajen Maradun. Kullum ranar aikina yake zuwa, wannan zuwansa na huɗu ke nan. Shi ce in buɗe mai aji, shi zauna shi ɗai har azahar, shi yi salla shi tahi. Na tambaye shi ina jama'a, ya ce suna tahe."

Na ce wancan satin? Ya ce ƙwarai, Asabar ɗin da ta wuce. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa. Can na ce masa, "Yau nawa ga wata?" Ko tunani bai yi ba ya ce sha uku ga Rajab.

Sha uku. Asabar ta farko bayan tsayuwar wata ba ta taɓa wuce bakwai ga wata. Na zaro wayar na buɗe kalanda, ga shi nan ƙuru-ƙuru, huɗu ga watan Bature. Innalillahi! Kalandar waya da watan Bature take lissafi, irin wanda muke aiki da shi a ofis, ba ruwanta da tsayuwar wata. Lokacin da na saita ta, a Safar da watan Maulidi, lissafin biyu sun faɗo rana ɗaya, shi ya sa ba wanda ya ga bambanci. Daga nan watan Musulunci, da yake ya fi gajarta, ya riga na Bature da mako guda. Ni kuma tun da waya ta fara tuna mini, ban sake tambayar liman ba, ban sake ɗaga kai bayan magariba ba. Ni na canja ranar taro ban sani ba, kowa ya bi fostata. Baba kaɗai ne yake zuwa a ranar da doka ta ce.

Na kira mai kemis nan take na gaya masa. Ya yi salati, sannan ya ce, "Wallahi na lura ranar ta ɗan goce, na zaci ku kuka canja." Na ce su wa? Ya ce ku shugabanni mana. Na kashe wayar don kada in faɗi abin da zan yi nadama, alhali ba shi da laifin komai.

Washegari Lahadi na karya alkawarin da na yi wa maiɗakina, ban kuma gaya mata ba. Na bar babur, na shiga motar haya da hantsi zuwa Maradun, daga can na hau babur ɗin kabu-kabu zuwa Kaya. Duk hanya ina shirya abin da zan faɗa, ina rushewa. Na yi sallama a zaure, ba kowa, buzun ma an naɗe shi an jingine. Babban ɗansa ya fito, magidanci ne sa'ana. Ya amsa gaisuwata a taƙaice, ya ce in shigo ciki.

Baba yana kwance a kan katifa a ƙasa, ƙafarsa ta dama ɗaure da karare da tsumma. Ɗan ya ce ranar Asabar waccan ce, a hanyar dawowa daga Mafara, kabu-kabun ya kwashe da su cikin yashi, ƙashin cinya ya karye, mai ɗori ya zo ya ɗora. Ya faɗi haka yana kallon bango, sannan ya fita ya bar mu.

Na durƙusa. Baba ya miƙo hannu ya ce, "Sakatare, ka taho lahiya? Ya hanya? Ya mutanen Mafara? Ya wajen su iyali Gusau?" Bai rage ko ɗaya ba, ya bi gaisuwar nan tun daga farko har ƙarshe kamar jiya muka rabu, ni kuwa ina amsawa. Da ya gama na ce, "Baba, laifi na zo faɗa." Na kwashe komai na gaya masa, kalanda da fosta da mai gadi. Na gaya masa har zargin da na yi ta yi masa, cewa fushi ya hana shi zuwa. Wannan ne ya fi yi mini wuyar fita.

Ya saurara har na kai aya. Sai ya yi 'yar dariya, ciwo ya katse ta, ya dafe cinya. Ya ce, "Ashe waya ba ta ganin wata."

Na ce, "Baba, don Allah me ya hana ka zo gidana? Ka san gidan. Ko ka sa a kira ni?"

Ya ce, "In zo in ce maka mi? Kai ka hwaɗa gaban jama'a taro zai koma cikin waya, wanda bai iyawa shi huta gida. Da na zo na iske ba kowa, na aza an koma ɗin ne. In na taho gidanka ina tambaya, kunya za ka ji, ni ko ban son in ba ka kunya. Na ce bari in dinga zuwa ajin, ko wata rana wayar ta lalace ku dawo, kada ku iske ba mai buɗe muku."

Hawaye suka zubo mini, ni da gemuna, ban ko share ba. Na ce ya yafe mini maganar da na yi masa a gaban mutane. Ya ce ya yafe tun a mota ran nan. Na ce to in ya warke zan zo da kaina in ɗauke shi, za a koma ranar da aka saba, zan riƙa kawo takarda kamar da.

Ya girgiza kai. Ya ce, "Ɗiyana sun hana ni hanya, kuma sun yi gaskiya. Ƙashin tsoho ba shi komawa yadda yake. Kai za ka dinga buɗewa, na ba ka. Ku fara da Bakura, an bar bayin Allah a buɗe."

Haka kuwa aka yi, bai sake taka ajin nan ba. Na goge abin da na saita a kalanda, na koma tambayar liman, guruf kuma na bar shi don sanarwa. Ƙungiyar ba ta mutu ba, amma ba ta koma yadda take ba. Yawancin waɗanda suka zo sau biyu suka tarar ba a yi komai ba, ba su sake dawowa ba. Yanzu mu biyar ne, wata rana shida, ni nake buɗewa. Kaburburan Bakura sai da muka yi Asabar uku a kansu, aikin da a da yini ɗaya ne.

Amma ran nan a Kaya, da na ga rana ta fara karkata na ce zan kama hanya, sai ya riƙe mini hannu. Ya ce, "Tsaya, ban tambaye ka ba. A taku Asabar ɗin, ku nawa ka zuwa?"

Na so in ƙara yawan, don in faranta masa. Na kasa. Na ce da farko mun kai ashirin, sai bakwai, sai biyu. Ya ce jiya fa? Na ce jiya ni kaɗai ne.

"Kai ɗai?"

Na ce ni kaɗai, Baba, har azahar.

Ya ƙara riƙe hannuna cikin nasa. Duk labarin karayarsa bai canja fuska ba, sai yanzu na ga idonsa ya kawo ruwa. Ya ce, "Kayya, Sakatare. Da na san kai ɗai kake zama, da na nemi wurin kwana a Mafara na jira ka."

Ɗansa ya leƙo ya ce mai kabu-kabu na jira, in an ƙara jimawa ba za a sami motar Mafara ba. Na saki hannun na tashi, na fito ina neman takalmina.